Saniyar Ɗanzomo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, ubangidana a sana'a kuma abokin tsayuwata a rana, Alhaji Dogo na Maigatari; mai girma wakilin hakimi, ranka ya daɗe; limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku; shugabannin wannan ƙungiya ta ɗalibai da suka tara mu yau a Gumel; malaman makarantun boko, waɗanda alli ya cinye wa yatsu; iyayenmu mata da ke can rumfar baya, waɗanda suka fi mu yawa, suka kuma fi mu sanin abin da ake ciki; 'ya'yanmu da Allah ya ba shiga jami'a bana, na Gumel da na Maigatari, na Gagarawa da na Sule Tankarkar; sauran jama'a manya da ƙanana, har da waɗanda ƙanshin shinkafa ne kawai ya jawo su, assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga waɗanda suka kafa rumfa, da waɗanda suka ɗauko kujeru, da waɗanda suka hura wuta tun da safe. Ina godiya ga malaman da suka yi fama da yaran nan shekara da shekaru, domin mu iyaye haihuwa muka yi, amma su suka sha surutun.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Mika'ilu, dillalin shanu ne ni a kasuwar Maigatari. Karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, kuma ba ni na bar makaranta ba, ni da ita muka duba muka ga gara kowa ya kama gabansa. Shi ya sa da aka ce ni zan yi magana a madadin iyaye, na yi mamaki ƙwarai. Ban san wanda ya kawo wannan shawara ba, amma ina zargin shugaban taro, domin tun da na iso yake murmushi, kuma shekara talatin muna tare, na san Alhaji Dogo ba ya murmushi sai ya ƙulla wani abu. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tunda an ba ni wannan abin magana, maganata uku ce, kuma duk ukun a kaina za su ƙare.

Magana ta farko ita ce abin da na ɗauki karatun tarihi.

A cikin yaran da aka kira sunayensu ɗazu akwai yarinyar gidana, ta biyar a jeri. Ita ce 'yata ta fari. Manya da ke nan sun riga sun gane abin da ya sa na ce "yarinyar gidana", amma saboda yaran zamani bari in fayyace. Mu a yadda muka taso, ɗan fari abin kunya ne. Uba ba ya kiran sunansa, uwa ba ta kiran sunansa. Ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka yabonsa, in ya faɗi ba kai ne mai fara tashi ba, in ya yi abin kirki sai ka dubi wani wuri kamar ba ka gani ba. Da aka yaye ta, yayata Rabi ta zo ta ɗauke ta ta kawo ta nan Gumel, kamar yadda aka saba, ita ta raine ta. Don haka ni a bakina sunanta "yarinyar nan", in kuma na so sakin jiki sai in ce "'yar Gwaggo". Shekara goma sha tara ke nan muna haka, ba ta taɓa kokawa ba, ni ma ban taɓa ganin aibun abin ba.

Ran nan Yaya Rabi ta zo har Maigatari da albishir, ta ce yarinyar nan ta sami jami'a. Na ce madalla, likita ko lauya? Ta ce tarihi. Na ce tarihin me? Ta ce tarihi dai. Jama'a, ni a sanina tarihi shi ne abin da tsofaffi ke yi a gindin bishiya bayan an gama girbi, kyauta, ba kuɗin makaranta ba kuɗin mota. Na ce wato yanzu sai an sayi katifa da bokiti da akwati, an soya dambun nama, an daka yaji, an yi sallama da dangi, an tafi wani gari shekara huɗu, duk don a je a ji labarin mutanen da suka riga suka mutu? Wanda ya mutu ai ya huta, me ya sa za a bi shi da tambayoyi?

A kasuwa ma ba su bar ni ba. Wannan ya ce ɗansa injiniya zai karanta, wancan ya ce tasa harhaɗa magunguna, in aka juyo kaina sai in kama bakin wani sa ina duba haƙora, ko da na riga na duba. Ni kuwa abin da nake so shi ne ta shiga makarantar koyon jinya da ke kusa da gida, ta samu abin yi a hannu. Wannan shi ne dalilin da na faɗa wa mutane. Akwai wani dalilin da ban faɗa ba, za mu iso gare shi.

Magana ta biyu ita ce yadda yarinya ɗaya ta tashi da ranar haihuwa uku.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, don haka yarinyar nan ta fara tattara takardunta tun da wuri, saura kwana ashirin a rufe rajista. Da ta jera su a kan tabarma, sai ta ga takardar firamare ta faɗi wata rana, ta sakandare ta faɗi wata, katin shaida kuma ya faɗi wata ta daban. Jami'a ta ce ita ɗaliba ɗaya ta ɗauka, ba uku ba. A kawo rana guda, kuma uba ya je kotu ya rantse a kanta, sannan a gyara sauran. In ba haka ba, gurbinta ya tafi ga wani.

Ku ji yadda aka yi. Ranar da za a sa ta a firamare, an aiko a tambaye ni shekarunta. Ina cikin mutane, sai na ce wa yake riƙe irin wannan, su rubuta abin da suka gani. Shi kuwa hedimasta yana da ma'auninsa, wanda da yawanku an auna ku da shi: yaro ya miƙa hannu ta saman kansa ya kamo kunne. In ya kamo, shekararsa shida. Yarinyar nan kuwa dogon hannu gare ta irin na dangin uwarta, ta kamo kunne har da rara. Hedimasta ya ƙirga baya, ya rubuta ɗaya ga Janairu, ranar da aka haifi rabin mutanen ƙasar nan. A bisa wannan takarda, an haife ta wata huɗu kafin a ɗaura aurena. Liman da ya ɗaura auren yana nan zaune, shi shaida ne cewa ba haka aka yi ba.

Da za ta shiga sakandare, Yaya Rabi ce ta cike takarda. Ita kuma ta ce da damina ce, gero ya fara fitar da kai. Gaskiya ta faɗa, sai dai ranar da aka kawo mata yarinya yaye take nufi, domin a wurinta ranar ce yarinya ta zo duniya. Da aka zo katin shaida kuma, kawunta Cindo, mai keke-napep ɗin nan na bakin tasha, shi ya raka ta. Ya bugi ƙirji ya ce ba zai manta ba, shekarar da ya yi aure ce. Abin da ya manta shi ne sau biyu ya yi aure, sai ya ƙirga daga na biyun. A bisa katin Cindo, ƙaninta Habibullah ya girme ta.

Kun ga ke nan, ni da nake buɗe bakin sa in gaya maka shekarunsa ko wata ɗaya ban kuskure ba, ni da ake kira daga Damagaram in zo in raba gardama kan shekarun saniya, ga 'yar cikina tana yawo da shekaru iri uku kamar kayan da aka yi wa fasa-ƙwauri.

Da labari ya iso gare ni, maimakon in ji kunya, sai na ga dama ta samu. Na aika wa yarinyar nan ta bakin Gwaggonta, na ce tunda tarihi take so, ga fili ga mai doki. Ta je ta nemo ranar da aka haife ta, da hujjar da za ta tsaya a gaban alƙali. In ta samo, ni Mika'ilu zan sa babbar riga in je kotu in rantse, ta tafi jami'arta. In ba ta samo ba, ta haƙura ta zo ta koyi yin allura. Na yi wannan sharaɗi raina kwance, domin na san gidajen da za ta bi, na kuma san bakin kowa a rufe yake.

Ta fara da mahaifiyarta. In kunyar uba kamu ɗaya ce, ta uwa kamu goma ce. Uwar ta sunkuyar da kai cikin tukunya tana ta juya miyar da ta riga ta dahu, ta ce ita ba ta san wannan zance ba, a je a tambayi Iya.

Iya ita ce surukata, tana Ɗanzomo. A can aka yi haihuwar, domin haihuwar fari a gidan iyayen mace ake yin ta. Yarinyar nan ta hau mota da littafinta da biro, ta je ta zauna a gaban kakarta. Iya ta ce ai wannan ba abin mantawa ba ne: ranar da rana ta yi zazzaɓi ce, da hantsi gari ya yi duhu-duhu kamar magariba ta kawo jiki, kaji suka nufi akurki, maza suka nufi masallaci. Ta ce masu ƙidayar jama'a ba su daɗe da wucewa ba, lambarsu ta alli tana nan a jikin ƙofa, tawadarsu ma ba ta gama fita daga ɗan yatsanta ba lokacin da ta karɓi jaririya. Ta ce ita da bakinta ta sa mata Lami.

Yarinyar nan ta dawo Gumel wurin malaminta na tarihi, Malam Zayyad, ga shi can yana ɓoye fuska da hula. Suka duba littattafai, suka duba waya, suka ga husufin ranar da ya biyo bayan ƙidaya ya faɗo ne ranar Laraba, ashirin da tara ga Maris, shekarar dubu biyu da shida. Shekara ta samu, wata ya samu. Amma yarinyar nan da kanta ta ce da sauran aiki, domin kowa ya san Lami sunan wadda aka haifa ran Alhamis ne, 'yar Laraba kuwa Larai ake ce mata. To, in ranar husufi aka haife ta, yaya aka yi ta zama Lami? Da ta bugo waya ta tambayi Iya, Iya ta ce wato bokon da aka sa ta ke nan, ta zo tana ƙaryata kakarta, ta kashe wayar.

Daga nan ta nemi ungozomar da ta karɓi haihuwar, wata tsohuwa Inna Ummu, aka ce ta koma wurin ɗanta a Gagarawa. Cindo ya ɗauke ta a kekensa don ya wanke laifinsa, taya ta fashe musu sau biyu a hanya. Inna Ummu ba ta gani sosai yanzu, amma ƙwaƙwalwarta garau. Ta ce Iya ta yi gaskiya, kuma Iya ta yi kuskure. Naƙuda ce ta fara ranar husufi, amma haihuwa ba ta zo ba sai washegari bayan la'asar, bayan an sha wuya, har an fara zancen neman motar da za ta kai mai naƙuda asibiti.

Shaidu biyu ke nan, ɗaya ta ce Laraba, ɗaya ta ce Alhamis, kuma duk biyun ba wadda za ka iya duban idonta ka ce ta manta. Kwana sha ɗaya sun tafi. Malam Zayyad ya ce mata, a wannan sana'a tasu, in shaidu biyu suka saɓa ba a zaɓar wanda aka fi so, na uku ake nema, wanda bai ji abin da biyun suka faɗa ba. Ni kuwa ina Maigatari ina samun rahoto kullum daga Yaya Rabi, ina cewa a raina, na uku dai babu shi.

Magana ta uku, ita ce ta saniya.

Yarinyar nan ta koma Ɗanzomo. Wannan karon ba ta fito da littafi ba. Ta kai goro, ta share tsakar gida, ta yi wa Iya tsifa, ta kwana biyu ba ta ta da zancen ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka mu ma muke yi wa mai shanun da ya ƙi sayarwa. A rana ta uku Iya da kanta ta ɗauko hira. Ta ce akwai wani abu da ta gani a ranar haihuwar da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Duk lokacin da ta fito ɗiban ruwan zafi, in ta dubi ƙasan zanan da ya kewaye gidan ta baya, wajen rumbu, sai ta ga ƙafafun mutum a tsaye. Tun hantsi suna nan, azahar suna nan, sun ɓace na ɗan lokacin salla sun dawo. Ba su gusa ba sai da jaririya ta yi kuka, sannan ta ji an tayar da babur can nesa. Ta ce ba ta ga fuska ba, kuma ba za ta kama sunan kowa ba, amma babban yatsan ƙafar dama a karkace yake, ba shi da farce.

Jama'a, ina roƙon ku daina leƙen ƙafata. Sa ne ya taka ni tun ina saurayi, kuma yau rufaffen takalmi na sa.

Yarinyar nan ta san wannan yatsa, domin ta sha zuba mini ruwan alwala in ta zo hutu. Amma ba ta zo wurina ba. Ta jira Alhamis, ranar kasuwarmu, ta ratsa cikin shanu da raƙuma da hijabinta, ta sami Alhaji Dogo a rumfarsa, ta gaishe shi, ta tambaye shi ko ya taɓa ganin ranar kasuwar da babanta bai ci ba. Shi kuwa wannan bawan Allah da ke zaune a kujerar shugaba, wanda na ɗauka rufin asirina ne, ya sayar da ni nan take, ko la'ada bai nema ba.

Ya ce mata sau ɗaya tak aka yi haka cikin shekara talatin, kuma ba zai manta ba, domin Alhamis ce da kowa a kasuwa ba shi da zance sai na husufin jiya. Ya ce muna tsakiyar cinikin wani jan bijimi, mai saye ya riga ya miƙo hannu, sai wani ɗan acaɓa daga Ɗanzomo ya raɗa mini magana a kunne. Ya ce sai kawai na danƙa masa igiyar bijimin, na ari babur, na ce an yi mini kwatancen wata saniya a Ɗanzomo, zan je in gani. Ban dawo ba sai da kasuwa ta watse, ba saniya ba igiyar saniya. Ya tambaye ni ina take, na ce ba mu daidaita ba. Tun daga ranar, duk shekara sai ya tambaye ni ko an daidaita kan saniyar Ɗanzomo, ni kuma in ce ana nan ana magana. Ashe ya sani tun ranar, shekara goma sha tara yana wasa da ni.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina zaune a zaure, sai ga yarinyar nan da sallama. Ta durƙusa nesa kaɗan kamar yadda ta saba, ta buɗe littafinta, ta karanto mini abin da Iya ta ce, da abin da Inna Ummu ta ce, da abin da Alhaji ya ce, kowanne da ranar da ya faɗa da wurin da ya faɗa. Sannan ta rufe littafin.

Ta ce, "Baba, saura shaida ɗaya. Malam ya ce wanda ya ga abu da idonsa ya fi wanda aka ba labari. Saniyar nan ta Ɗanzomo, da wane lokaci ka ji kukanta?"

Na dubi ƙofa, ba mai shigowa ya cece ni. Na dubi carbina, bai ce komai ba.

Na ce, "Bayan la'asar. Ladan bai daɗe da yin shiru ba. Alhamis, talatin ga wata."

Ta ce, "Ashe ka sani."

Na ce, "Ban taɓa mantawa ba."

Ta buɗe littafin ta rubuta. Ni kuwa na tashi na shiga gida, na ce wani abu ya faɗa mini a ido.

To, ga dalilin da na ce za mu iso gare shi. Ba raina tarihi ne ya sa na kafa mata sharaɗi ba, ko da yake na raina shi. Tun tana wata goma sha bakwai aka ɗauke ta daga gidana, na yi shiru saboda kunya. Ta yi firamare, ta yi sakandare, ta ci jarrabawa, na yi shiru saboda kunya. Abin da nake da shi kawai shi ne Gumel ba nisa, duk Asabar ina iya ƙirƙiro wata hidima in biyo ta ƙofar gidan Yaya Rabi, in sha ruwa, in ga giftawarta, in tafi. Da aka ce za ta yi nisa shekara huɗu, sai na ji tsoro, kuma bakina bai iya faɗin haka ba. Na gwammace ta rasa gurbinta da a ce Mika'ilu ya damu da 'yar fari. Wannan ba kunya ba ce, son kai ne na sa wa rigar kunya, kuma na gode wa Allah da yarinyar ta fi ni wayo.

Ranar Litinin na sa babbar riga na je kotu na rantse, saura kwana biyu a rufe rajista. Magatakarda ya ce in faɗi sunan yarinya, na ce yana nan a jikin takarda, ai ya iya karatu. Ya dube ni, na dube shi, da yake shi ma ɗan ƙasar nan ne sai ya buga hatimi.

Saboda haka, 'yan'uwana iyaye, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ban ce a yar da kunya ba, domin ita ce adonmu, da ita aka san mu. Amma ranar da aka haifa maka yaro, nemi takarda ka rubuta, in ba ka iya ba ka sa a rubuta maka, ka kai a yi masa takardar haihuwa. Kunya ba ta hana rubutu. Kada ka bar shekarun ɗanka a hannun dogon hannu, ko a hannun damina, ko a hannun auren Cindo. Kuma in yaro ya zo ya ce ga abin da yake so ya karanta, ka tambaye shi me ake yi da shi kafin ka yanke hukunci. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Haka ne, amma ni na ga ranar da yaro ya hango ƙafar babba ta ƙasan zana.

Ku kuma 'ya'yanmu masu tafiya, masu likitanci da masu lissafi, masu shari'a da masu aikin gona, ku tafi da tarbiyyar gidajenku, ku riƙe salla, ku riƙe littafi, ku rubuta sunanku a jikin bokitinku. Ku kira gida ko ba ku da buƙatar komai, domin akwai iyayen da ba za su taɓa kiranku ba, amma wayar tana aljihun gaba, kuma kullum a cike take da caji.

Masu karatun tarihi kuwa, ku uku ne bana na ji an kira, ina neman afuwarku. Da na ce tarihi labarin matattu ne. Yanzu na ga aikin dillali ne: ba ka yarda da abin da mai saniya ya faɗa sai ka buɗe baki ka duba haƙori, ka zagaya ta baya, ka tambayi maƙwabcinsa. In kun je kun karanta na sarakuna da na yaƙe-yaƙe da na ƙasashen da ban san sunansu ba, ku dawo ku zauna gaban irin su Iya da Inna Ummu tun suna nan. Akwai hanyoyin da fatake suka bi, akwai rijiyoyin da aka haƙa, akwai shekarun yunwa da na ƙoshi, duk suna cikin kawunan tsofaffin garuruwan nan huɗu, ba wanda ya taɓa zuwa da goro ya tambaye su. Sai dai ina roƙon ku bar Alhaji Dogo ya huta, abin da ya faɗa ya isa.

Allah ya saka wa waɗanda suka shirya wannan taro da alheri. Allah ya ƙara wa shugabanninmu lafiya da adalci. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba tsofaffinmu cikawa da imani. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya. Yaran nan da za su tafi, Allah ya kai su lafiya, ya buɗe musu ƙwaƙwalwa, ya haɗa su da abokai nagari, ya dawo mana da su da ilimi mai amfani. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Saura addu'a ɗaya, kuma ina roƙon iyayenmu mata na rumfar baya su yi mini uzuri, surukata ma in labari ya kai Ɗanzomo ta yafe mini. Alhaji Dogo, shekara goma sha tara kana tambayata, yau ga amsarka a gaban jama'a: an daidaita, kuma ba ta sayarwa ba ce.

Ke ta biyar a jeri, ɗago kanki in gan ki, yau ba zana a tsakaninmu.

Muhsina. Allah ya yi miki albarka, Muhsina. Ki je ki dawo lafiya.

Na gode.